Shinkafar da Haradhan Bai Ci Ba

Ranar da aka yi addu'ar kwana goma sha ɗaya da mutuwar yayana Haradhan Maitra, wani tsohon abokin aikinsa ya miƙe a tsakar gidanmu yana matsar ƙwalla, wai garin Chuchura ya yi rashin mutum wayayye, wanda ya riga zamaninsa da shekara hamsin. Ina tsugune ina yanka ganyen ayabar da za a zuba wa baƙi abinci a kai, sai da na ajiye wuƙar don kada dariya ta sa in yanke yatsa. Wayayye! Ni ce Renuka, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da mijina ya mutu na dawo gidansa, shekara talatin da huɗu ina wanke masa riguna ina jin surutunsa. In akwai wanda ya san inda wayewar Haradhan ta fara da inda ta tsaya, to ni ce.

Aikinsa duba kuskure a wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan kasuwa. Katin gayyatar aure suke bugawa, da kalanda, da takardun tallan maganin basir. Amma ka tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara tabarau ya ce maka shi ma'aikacin adabi ne. Jan alƙalami kullum maƙale a kunnensa. Ko katin biki aka aiko mana, sai ya zauna ya zagaye kurakuran da ke ciki tukuna, sannan ya tambayi ko auren wa ake yi. Ya ce babu wani abin bauta, duk ƙirƙirar matsorata ce. Zaren ibadar nan da mazan danginmu ke ratayawa a kafaɗa kuwa bai taɓa cire nasa ba, wai ya bar shi ne kawai don ya riƙa rataya makullin kabad ɗin littattafansa. Ni kuma yana yi min dariya don na daina cin kifi tun mutuwar mijina kamar yadda al'adarmu ta tanada, yana kirana tsohuwar camfi.

Abu ɗaya ba zan ci haƙƙinsa a kai ba: yana son 'yarsa Piyali. Tana shekara bakwai uwarta ta rasu, kuma bai sake aure ba. Ni na yi mata kitso da wanka, shi ya yi mata hira. Kullum da la'asar, da ya dawo daga aiki, sai ya baje a kujerar karan nan ta baranda, ita kuma ta dafo shayi kofi biyu ta zauna a dakali. Tun tana tsayawa a kan kujera don ta kai ga murhu take dafa masa wannan shayin, kuma ya sha faɗa cewa na kowa ruwan wanki ne in ban da nata. Ina daga ɗaki ina tsince shinkafa ina jin su, shi kuma "uwata" yake kiranta.

"Uwata, jiya da yamma ina aka je?"

"Silima, Baba."

"Wane fim?"

"Wanda ka ce mai hankali ba zai taka ƙofarsa ba."

"Harsashi nawa jarumin ya sha?"

"Huɗu."

"Ya mutu?"

"Ya yi waƙa."

"Kin ji ko! Ƙasa ta lalace. Mutum da harsashi huɗu a ƙirji yana zagaya bishiya."

"Ai gara shi, Baba, ko banza ya motsa. Wanda ka kai ni wancan watan fa? Awa uku muna kallon tsoho yana kallon taga. Ruwa ya sauko, ruwa ya ɗauke, tsoho na nan. Da aka kunna fitila kai kanka barci kake."

"Lumshe ido na yi ina nazari."

"Da minshari?"

Sai ya kwashe da dariya har shayi ya sarƙe shi. Haka suke har rana ta faɗi. Littafi ma haka. Kowanne ya naɗe shi da takardar jarida ya kulle, ba ya ba kowa aro sai ita, ita ma sai ta nuna masa tafin hannu ya ga a wanke yake. Ta karanta ta dawo ta ce masa jarumar sakarya ce, da ita ce da tun shafi na ashirin ta tattara kayanta. Ya ce ba ta fahimci zurfin abin ba. Ta ce zurfi ko rami? Su yi ta yi kamar sa'o'in juna.

Batun hutu kuwa, nan ne abin takaici da ban dariya. Duk shekara, saura wata biyu hutun bikin Durga, sai Haradhan ya sayo sabon littafin jadawalin jiragen ƙasa, ya shimfiɗa taswira a tabarma.

"Uwata, bana Kashmir."

"To, Baba. Jirgin safe ko na rana?"

"Na safe. Mu sauka a Jammu, mu kwana ɗaya."

"Amma don Allah kada mu koma masaukin bara, ba su da ruwan zafi."

"Kin yi gaskiya, ga mai wurin ba shi da ladabi."

Babu wani masaukin bara. Ba su taɓa zuwa ko'ina ba, su biyun kuma sun sani. Da lokaci ya matso sai ƙirjinsa ya fara ciwo, ko aiki ya yi yawa, ko jarida ta ce hanya ba lafiya. Sau ɗaya tak ya kai mu bakin teku a Digha. Ana zafi kamar a gasa mutum, yayana na zaune a kan yashi da hular sanyi har kunne, rungume da jakar magunguna, yana ƙwala wa yarinya kira kada ruwa ya wuce mata idon sawu. Ya dawo ya yi shekara yana ba mutane labarin teku.

Da Piyali ta gama karatu ta fara koyarwa, sai ta kawo wanda take so da kanta: Tapan, malamin lissafi a Naihati, can tsallaken kogi. Yaro mai shiru, ba ruwansa. Zo ka ga Haradhan! Ya zagaye unguwa yana shelar cewa 'yarsa ita ta zaɓa, bai duba taurarin kowa ba, bai ba da kayan da dangin amarya ke sayen miji da su ba. Har jawabi ya yi a wurin biki, wanda babu wanda ya roƙe shi, a kan 'yancin mata. Shinkafa ta huce a ganye mutane na jiran ya gama.

Wata guda da biki Piyali ta gayyace mu gidanta. Muka hau jirgin fito muka tsallaka. Tun daga ƙofa na ji ƙamshin kifin ilish da miyar ƙwayar mastad, wanda Haradhan zai iya sayar da tabaraunsa a kansa. Ta shimfiɗa masa mazauni, ta jera kwanoni, ta zuba ruwa a kofin tagulla, fuskarta sai sheƙi take.

Ya dubi kwanonin, ya shafa ciki ya ce, "Ayya, uwata, ai na ci kafin in fito."

"Baba, shinkafar safe ce fa, yanzu rana ta raba."

"Cikina ne ba daɗi."

"To ga shayi."

"Bar shi, bar shi. Zauna ki ba ni labari, me kika kalla?"

Nan take na gane. Kowa a wajenmu ya san al'adar: uba ba ya cin shinkafar gidan 'yarsa, ba ya shan ruwan gidan, sai ranar da ta haihu. Jika ya zo, hanya ta buɗe. Amma ko a mafarki ban zaci mai jawabin 'yancin mata zai bi ta ba.

A jirgin komawa na tsare shi. Na ce, "Yaya, me ka yi ke nan?"

Ya gyara tabarau, ya soma. Wai wannan ba ya cikin camfi, tsari ne na mutunci, magabata sun kafa shi don kada dangin amarya su zama kaya a kan dangin ango, yana da tushe a tarihin zaman jama'a. Har muka kai tsakiyar kogi yana zuba. Ya rufe da cewa, "Babanmu ma ai haka ya yi da ke."

Na ce, "Haka ya yi. Shekara goma sha ɗaya ina aure ban haihu ba, Baba ya mutu bai san ɗanɗanon girkina a gidana ba. Duk zuwan da zai yi sai na shiga madafa na yi kuka. Ka taɓa tambayata?"

Ya ce, "Ke kin cika ɗaukar abu da zafi. Piyali mai ilimi ce, za ta fahimta. Kuma nan da shekara ai an wuce wurin."

Ba a wuce ba. Shekara ta zo ta tafi, ta biyu, ta uku. Piyali ta yi ɓari sau biyu. Ita da Tapan suka bi likitocin Kalkata har takalmansu suka suɗe. Haradhan kuwa bai fasa zuwa ba ko Lahadi ɗaya, nan kam ya iya. Sai dai ya sayi filas. Ni zan dafa shayi a gida in zuba masa, ya rataya a kafaɗa, ga gorar ruwa a ɗaya kafaɗar, ya ratsa layin su Piyali tun daga bakin kogi har ƙofarta. Matan layin na zaune a ƙofofinsu suna kallo. Ba sai sun tambayi kowa ba: muddin tsoho na tafe da filas, to har yanzu shiru. Surukarta ma ta samu abin faɗa, takan ce wa baƙi, "Ai ba mu kaɗai ke jira ba, ubanta ma ga shi can da ƙishirwa."

Na roƙe shi, na zage shi, na ɓoye filas ɗin. Ya sayo wani.

Wata Lahadi a shekara ta shida ina wurin. Yana zaune a ɗakinta, ya zuba shayinsa a murfin filas, ita tana gefe da nata kofin, ta rame har wuyanta ya fito. Yana ba ta labarin wani fim da ya gani a talabijin.

"Shirme ne, uwata. Wai yarinya na cikin baƙin ciki a gidan miji, uban yana zuwa yana tafiya, bai lura ba har aka kusa tashi. Wanda ya rubuta bai san rayuwa ba. Wane uba ne zai zauna gaban 'yarsa bai ga abin da ke fuskarta ba?"

Piyali ta juya cokali a kofi ta ce, "Akwai irinsu, Baba."

"A fim dai."

"A fim dai," in ji ta.

"Kuma hasken fim ɗin ma bai yi ba. Bana fa ina tunanin Darjeeling, me kika gani?"

"Duk yadda ka ce."

Da can da ta ce masa bargon masaukin yana wari, ko direban ya cika gudu. Yanzu sai duk yadda ka ce. Shi kuwa ko a jikinsa, ya ci gaba da lissafo tashoshi. Na dube shi, na ji kamar in ɗauki filas ɗin in rotsa masa a ka. Mutumin da ke hango ɗigon da ya ɓace a katin auren wasu daga nesa!

A shekara ta takwas aka yi mata aiki, aka cire mahaifar gaba ɗaya. Tapan ya gaya min, ya roƙe ni kada in faɗa wa Haradhan, wai ita ke so ta faɗa masa da bakinta. An dai ce masa ƙari ne aka cire. Bayan wata biyu, da ta fara miƙewa, ta aiko mu zo.

Muka tarar ta yi girki. Ita kaɗai, da ɗinki a ciki, ta hana kowa taya ta. Shinkafa, da miyar waken dal, da soyayyen gauta, da kifin nan dai. Ta shimfiɗa mazauni kamar ranar farko. Ta karɓi filas ɗin daga kafaɗarsa ta ajiye a bayan ƙofa, ta durƙusa a gabansa da ƙyar.

"Baba, zauna ka ji. Ba zan haihu ba. Ba bana ba, ba baɗi ba, har abada. Sun cire. Jikan da kake jira ba zai zo ba." Ta tura kwanon shinkafar gabansa. "Ban taɓa roƙonka komai ba. Ka ci abincina yau. Ko loma ɗaya ce."

Na rantse ko dutse aka gaya wa haka sai ya miƙa hannu. Tapan ya juya baya yana share ido. Ni kuwa ina ta cewa a zuci, ci, ci mana, wawan Allah, ci.

Haradhan ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Idonsa ya kawo ruwa, wannan na gani. Ya kalli shinkafar, ya kalli 'yarsa. Hannunsa ya ɗan motsa, sai ya kai shi kafaɗa ya kama zaren nan yana murzawa.

"Uwata," ya ce, "wannan magana babba ce. Bari in yi tunani a kai."

Ta dafa bango ta tashi, ta kwashe kwanonin ɗaya bayan ɗaya. A jirgi ban yi masa magana ba, don da na buɗe baki da sai dai a tsamo ɗayanmu daga kogi.

Tunanin nasa ashe a ina za a yi shi? Washegari da sassafe ya saka wankakkiyar riga ya nufi gidan Gobindo, tsohon da ke yi wa gidanmu addu'ar aure da ta mutuwa. Shekara arba'in Haradhan na kiransa ɗan kasuwar aljanna, in ya hango shi sai ya tsallaka titi. Matar Gobindo ce ta ba ni labari a bakin famfo, tana dariya har da riƙe ciki. Wai ya zauna a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, ya tambaya ko littattafai sun yi sassauci ga wanda 'yarsa ba za ta haihu ba. Gobindo na cin gyaɗa ya ce masa, "Kai Haradhan, wa ke bin wannan yanzu? Ni da kake gani tun satin bikin 'yata nake cin abincinta. Tashi ka je ka ci, ka bar yarinya ta huta."

Da ya yi shiru da bakinsa, da wataƙila an rufa. Ina! Haradhan ne fa. A ranar ya tsallaka kogi, ni ina biye da shi, ya shiga gidan yana fara'a kamar wanda ya ci jarrabawa.

"Uwata, an warware! Na bincika, na je har wurin Gobindo, ya tabbatar min babu laifi. Ranar Lahadi ki dafa min kifin nan."

Piyali na ninke kaya. Ta tsaya da zane a hannu.

"Gobindo ka tambaya?"

"Don a tabbatar dai, kin san ni ba na yin abu da ka."

"Shi ya ce ka ci."

"Ƙwarai."

Ta dube shi. Sannan ta ƙarasa ninke zanen, ta ɗora a kan sauran ta ce, "To, Baba. Ka zo Lahadi."

Ranar Lahadi ya bar filas a gida, ya ratsa layin yana kaɗa hannu don kowa ya gani. Aka shimfiɗa masa, aka jera kwanoni. Ya wanke hannu, ya cusa yatsu a shinkafa, ya kai loma, ya lumshe ido. Sai sharhi ya tashi. Wai mastad ɗin ya ji daidai, wai wannan hannun uwarta ne sak, wai a duk faɗin Bengal babu mai dafa kifi haka. Ya ce wa Tapan ya kamata mutane su koyi watsar da tsofaffin al'adu, ga shi shi ya nuna hanya.

Na tashi in ɗebo ruwa, na shiga madafa. Murhu a kashe, sanyi ƙalau. Tukwane a kife, a bushe. A ƙasa kusa da kwandon shara ga ƙunshin ganye guda huɗu da ƙananan tukwanen ƙasa na wani gidan abinci da ke bakin tashar jirgi, miya na nashe a jikinsu. Piyali ta shigo bayana da kwano a hannu. Ta ga abin da nake kallo, ba ta ko ɓoye ba.

Na ce, "Piyali, me ke nan?"

"Abinci ne, Gwaggo. Yana da daɗi, ba ki ji yana yabo ba?"

"Haba 'yar nan. Shekara takwas kina jiran yau."

"Ranar da nake jira ta wuce, Gwaggo. Na durƙusa da ɗinki a cikina na roƙe shi, ya ce zai yi tunani. Gobindo ya faɗa masa da gyaɗa a baki, ya taho da gudu." Ta kwashe sauran miyar daga tukunyar ƙasa ta juye a kwanonta, ta goge gefen da yatsa. "Ba zan kore shi ba, ubana ne. Ya zo duk Lahadi, zai samu abinci."

Daga ɗaki muka ji muryarsa, baki cike: "Uwata! Ƙaro miyar nan, sannan ki zo ki ji wani shirmen fim da na gani jiya!"

"Ga ni nan, Baba," ta amsa, ta fita da kwanon.

Shekara shida ya ƙara a duniya. Duk Lahadi yana tsallaka kogi, duk Lahadi Tapan na zagayawa ta ƙofar baya da ƙunshi a jaka, har shayin daga mai shayin bakin layi ake karɓowa a juye a butarta. Haradhan ya ci, ya yi gyatsa, ya dawo Chuchura yana ba mutane labarin girkin 'yarsa. Ko ƙwayar shinkafa ɗaya daga tukunyarta ba ta taɓa shiga bakinsa ba har ya mutu. Sau da yawa a jirgi maganar takan zo min har leɓe, in dube shi yana sakace haƙori yana murmushi, sai in mayar da ita. Ban gaya masa ba.